Wanda so ya taɓa dushewa a ransa, ya faɗa mana yadda abin ya kasance

Amaryar bara waccan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu da wata uku ke nan da aurena. Da, in na ji ƙarar babur ɗinsa a bakin layi, gabana faɗuwa yake, hannuna har rawa yake yi. Yanzu zai yi sallama in amsa, in kawo masa abinci, amma zuciyata shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Kuma wallahi bai yi min komai ba, abin da ya fi damuna ke nan. Gwaggona ta ce farraƙu aka yi mana. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labarin nasa.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na shiga, nawa ma bai kai shekara biyu ba, na sha kuka a ɗakin hutunmu na asibiti ina ganin na zama butulu. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne sanin cewa wannan faɗuwar gaban tana da wa'adi. A 1999 wata likita a Jami'ar Pisa ta Italiya, Donatella Marazziti, ta auna jinin mutum 20 da ke cikin sabuwar soyayya, ta ga tsarin sinadarin sirotonin ɗinsu ya yi kama da na masu ciwon waswasi, wataƙila shi ya sa masoyi ba ya iya daina tunanin masoyinsa. Bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi aka sake auna wasunsu, komai ya koma daidai. A 2004 ta kuma gano kotisol, sinadarin da ke tashi in mutum yana cikin fargaba, ya fi yawa a jikin sababbin masoya, shi ma ya sauka daga baya. Jiki ba zai iya zama cikin fargaba har abada ba. Dofamin kuwa, mai sa ɗoki, abin da ba ki da tabbas a kansa ne ke tayar da shi. Da ba ki san ko zai zo zance yau ba. Yanzu kin san bayan magariba zai shigo.

Tela daga Fagge: Nawa ya sha bamban, ni aka bari. An ba wani ita, na yi wata uku ina bi ta layinsu ba dalili, ina buɗe hotonta da tsakar dare. Daga baya na karanta cewa Helen Fisher da abokan aikinta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 15 da aka rabu da su, a 2010, suka ga wurin da ke motsi a cikinta shi ne wanda ke motsi a ƙwaƙwalwar mai neman hodar iblis. Sai na yi wa kaina irin maganin mai barin ƙwaya: na goge lambarta da hotunan, na canza hanya. Wata bakwai bayan nan na gan ta a wajen wani biki, muka gaisa, ƙirjina bai ko motsa ba. Na yi alhamdulillahi, amma na koma shago na zauna jigum.

Mai mata ɗaya: Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma masana a Landan, Bartels da Zeki, sun ga hakan a 2000: in masoyi ya kalli hoton wanda yake so, wasu sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da tsoro da auna halin mutum sukan yi sanyi. Ni a shekara ta uku na fara ganin laifin matata a komai, har yadda take tauna abinci. Ita ba ta canza ba, idona ne ya buɗe. Na kusa yin saki a kan wannan, Allah ya tsare.

Yaya Babba: Ku yi haƙuri, ban yarda a ɗora komai a kan sinadari ba. Shekara 11 na yi da mijina na farko, ɗokin ya tafi tun da wuri kuma ban damu ba. Abin da ya kashe son shi ne wulaƙanci: tsawa gaban yara, gori a kan abinci. Ranar da ya kwanta ciwo na ji ko a jikina, ranar na san ya ƙare. Aurena na yanzu shekara 14, ba faɗuwar gaba, amma in ya yi tafiya gidan ba ya min daɗi. Allah ya ambaci mawadda da rahama tare a Suratur Rum. Ƙanwata, ki duba: in ba shi da lafiya, ya kike ji?

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiyarki Yaya, wannan shaƙuwar ita ake dangantawa da wani sinadarin jiki mai suna oksitosin, kuma wulaƙanci na rusa ta. Amarya, kina shayarwa? Firolaktin mai kawo ruwan nono yana rage sha'awa, ga rashin barci. In kuma ba shi kaɗai ba ne, komai ya daina yi miki daɗi, to ki gaya wa likita, don ciwon damuwa bayan haihuwa haka yake zuwa.

Amaryar bara waccan: Ina shayarwa, yarinyar watanta biyar, rabona da barcin awa huɗu a jere tun ranar suna. Yaya Babba, da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi watan jiya, kwana na yi ina jiƙa tawul ina kuka. Amma maganar Anti ma'aikaciyar jinya ta taɓa ni, don ko hira da ƙawayena yanzu ba na so. Ranar Talata za mu je awon yarinya, zan yi wa likitan bayani. Shi kuma ban san ta inda zan fara gaya masa ba, wanda ya taɓa yin irin wannan maganar da mijinta ko matarsa ya taimaka min.