Tsohon babur ɗin tirayal: na kwalta da dutse ne, ko na dutse kaɗai?

Ɗan Rusaifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma bari in fara faɗin matsayina don a san inda za a kama ni. Ni a ganina, duk wanda yake son dabbab, wato babur, guda ɗaya tak, mai lauha, wato lambar rajista, wanda zai fita da shi daga ƙofar gida bayan la'asar ya bi kwalta har gindin dutse sannan ya hau, babu abin da ya fi masa tsohon babur ɗin tirayal, siririn nan na gasar hawan duwatsu. An nuna mini guda uku: Yamaha TY175 a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Jidda, Honda TLR200 a hannun wani dattijo a Ɗa'ifa, da Gas Gas TXT na wajen shekarar 2000, wanda ya fi su araha kuma ya fi su ƙyalli. Zuciyata tana kan Gas Gas ɗin.

Baban Hanan: Wa alaikumus salam. Ƙanina, tun daga jimlar farko ka kauce. Babur ɗin tirayal ba don tafiya aka ƙera shi ba, don tsayuwa aka yi shi. Je ka sake duba Gas Gas ɗin da kyau, ka nuna mini inda za ka zauna. Babu sirdi, rami ne kawai tsakanin tanki da tayar baya. Tankin ɗan ƙarami ne. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa kilomita 80 da wani abu ne. A tsaye za ka je?

Ɗan Rusaifa: Yaya, ai ban ce Ɗa'ifa zan riƙa zuwa kullum ba. Kuma a Sikotlan akwai gasar kwana shida da ake yi a yankin Fort William, tun 1909 aka faro ta. Baburan da ke shiga dole su kasance masu lamba, don suna bin titin mota daga wannan dutse zuwa wancan. In ya yiwu a can, me zai hana nan?

Baban Hanan: Abin da zai hana shi ne a can masu shirya gasa suna ajiye musu mai a hanya, ruwan sama kuma yana sanyaya musu inji kyauta. Kai wa zai tsaya maka da jarka a hanyar Hada, mai hawa dutse zuwa Ɗa'ifa, a watan Yuli?

Kawu Mai Sifana: Ku dakata, ku duka biyun kuna haɗa abu biyu wuri guda. Babur ɗin tirayal kashi biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa. Na da, masu shakazoba biyu a baya, irin su TY175 da ya fito a 1975 da TLR200 na 1983, suna da sirdi ko da ƙarami ne, tankinsu ya fi girma, injinsu iska ke sanyaya shi, kuma a ƙasashe da yawa da fitila aka sayar da su. Honda ma ta kai TLR ɗin Amurka da sunan Reflex a 1986 da 1987, babur na titi sosai. Waɗanda suka biyo baya, Gas Gas TXT, Beta Rev 3, Montesa 315R, waɗannan kayan gasa ne zalla. Nauyinsu kilo 70 da 'yan kai, lagireto kamar tafin hannu, da 'yar fanka. A kan dutse ba ka da kamarsu. Ka ɗora shi kan kwalta ka murɗe maƙura na minti 20 a zafin Makka, ruwa zai tafasa kafin ka kai shingen bincike.

Saboda haka Baban Hanan ya yi gaskiya a kan Gas Gas, amma ya zalunci sauran biyun.

Ɗan Rusaifa: Kawu, to tsakanin biyun fa? Ni TY ɗin ya fi burge ni. Na karanta cewa Mick Andrews, gwanin tirayal ɗan Ingila, shi ne ya taimaka wa Yamaha wajen ƙera jerin TY, har ya ci gasar Sikotlan a kan Yamaha a 1974 da 1975.

Kawu Mai Sifana: Ya ci, amma ba a kan wanda ya shekara 50 yana shan ƙura a istiraha ba. TY175 injinsa mai bugu biyu ne, mai hayaƙi, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Ya zo da famfon da ke zuba masa man da kansa, sai dai mutane da yawa sun cire famfon suna haɗawa a tanki. Ka fara tambayar wannan. Domin in an cire, ga inda matsalar take: lokacin da kake gangarowa daga Hada ka saki maƙura, fetur ba ya shiga sosai, to baƙin mai ma ba ya shiga, alhali taya tana juya inji da ƙarfi. Haka fistin ke kamewa. Ga birkin ganga gaba da baya, wanda in ya yi zafi a doguwar gangara sai ka ji hannunka ya taɓo kan babur, shi kuwa yana tafiya abinsa. Sai sil na karanshaf, roba ce, zafi da shekaru suna busar da ita, inji ya riƙa shaƙar iska ta inda bai kamata ba. In ka tayar da shi ka ji salo yana hawa yana sauka da kansa, kada ka saya sai an rage maka kuɗin buɗe inji.

TLR kuwa bugu huɗu ne, dangin injin Honda XL185 da XL200. Ba shi da zafin nama, amma yana da haƙuri, ba ya shan mai, kuma duk makaniken da ya taɓa buɗe ƙaramar Honda ba zai tsaya yana kallonsa ba.

Na Shafa: Ni ina tare da Ɗan Rusaifa, amma da sharaɗi. Ku na Jidda da Riyad kuna auna abin da nisanku. Ni daga gidana zuwa inda duwatsu suka fara bai fi kilomita 6 ba. Montesa 4RT nake hawa, na farkon fitowa, 2005. Ba shi da kafireta, na'ura ce ke auna masa mai, kuma babu batir, kik kawai. Mu nan Shafa, a duwatsun Ɗa'ifa, muna sama da mita 2,000, iska ba ta da kauri, inji yana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Mai kafireta in ya hauro daga Jidda sai filogi ya yi baƙi ya fara tari. In kuma ka daidaita masa jet, wato ramin da mai ke bi a kafireta, a nan ka sauka da shi bakin teku, mai ya yi masa kaɗan. Nawa babu ruwansa da wannan. Irinsa Toni Bou yake hawa yana cin kofin duniya tun 2007.

Baban Hanan: Madalla. Naka yana da lauha?

Na Shafa: A bayan wanet, motar a-kori-kura, nake kai shi.

Baban Hanan: To ka ga ka zama shaidata ba tare da na kira ka ba. Kilomita 6 ma a mota kake ɗaukarsa.

Na Shafa: Ai ba gazawar babur ba ce, takarda ce babu.

Malam na Ƙuba: Wannan takardar ita ce gaba ɗayan maganar, kuka bar ta kuna ta kafireta. Ya ɗana, kafin ka tambayi mai babur shekarar inji, tambaye shi istimara, wato takardar rajistar babur. In babu, tambaye shi katin jamarik, wato shaidar cewa babur ɗin ya shigo ƙasa ta ƙofa. In babu ko ɗaya, abin da ke gabanka kayan wasa ne na cikin gona. Ka sa masa fitila, madubi, sigina, oda, duk ba za su haifar masa da lauha ba. Da yawa daga baburan gasa tun asali ba a yi musu rajistar titi ba.

Ni na taɓa yin wannan wautar. Na sayi wani Beta a hannun wani mutum da ya rantse mini takardu suna wajen ɗan'uwansa a Yanbu. Wata takwas ina bin ɗan'uwan. Ranar da na gaji na ce bari in leƙa bakin harra, filin baƙaƙen duwatsun nan, ta titi, ban yi nisa ba aka tsayar da ni, aka ɗora babur a mota ina kallo. Laifina ne, ban yi musu ba. Kuma lasin mota ba ya wadatarwa, na babur daban yake, ga ta'min, wato inshora.

Ɗan Rusaifa: Allah Ya mayar da alheri, Malam. Mai TLR ɗin ya ce yana da tsohuwar istimara da ta ƙare tuntuni. Mai TY ya ce “ana iya yi”. Mai Gas Gas ya yi dariya kawai.

Malam na Ƙuba: Mai dariyar ya fi mai “ana iya yi” gaskiya.

Baban Hanan: Ni har yanzu ban ga dalilin wannan wahala ba. In yawo ake so, ga Yamaha Serow XT225, ga TW200 mai faffaɗar taya, ga Honda XR250, ga Suzuki DR200. Sirdi sosai, tanki sosai, kuma an yi su ne don titi da daji. Sannan ku tuna ƙasar nan rabinta yashi ne. Tun da gasar tseren hamada ta Dakar ta zo Saudiyya a 2020 kowane yaro yana mafarkin tudun rairayi. Kai babur ɗin tirayal rairayin Sumama, kusa da Riyad, ka ga abin tausayi: giyarsa gajeru ne, tayarsa ba ta haƙa, zai nutse yana kuka.

Na Shafa: Wa ya ce masa yashi? Yaron nan ɗan Makka ne, duwatsu ne suka kewaye shi ta ko'ina. Akwai hanyoyin awaki a nan Shafa da in ka shiga da XR250 sai dai ku haɗu ku uku ku juyo da shi. Mai tirayal zai juya a faɗin tabarma. Kuma abin da ba ku faɗa ba: gudunsa kaɗan ne, don haka faɗuwarsa ma kaɗan ce. Na fi so ƙanina ya koyi kuloci da birki a gudun tafiyar ƙafa da ya koya a gudun 100.

Kawu Mai Sifana: Wannan gaskiya ne. Sai dai ka gaya masa maganar taya. Tayar tirayal roba ce mai laushi kamar cingam, kuma a kan dutse iskar baya awo 4 ko 5 ake bari, inda tayar mota ke shan 32. Da wannan iskar in ka hau kwaltar azahar, babur zai riƙa rawa a kwana, taya ta yi zafi, haƙoranta su cinye cikin 'yan makonni. Dole ƙaramin famfo a jaka: ka ƙara kafin titi, ka sace a gindin dutse. Kullum. Wanda ba zai iya wannan ba ya sayi Serow ya huta.

Malam na Ƙuba: Baƙin dutsen harra na wajenmu kuwa ko da wace iska yanka yake kamar reza. Ka riƙe tib na ajiya.

Ɗan Rusaifa: To na janye Gas Gas. Amma ban janye maganata ba. TLR mai takarda, tafiyar kilomita 20 ko 30 zuwa gindin dutse, ba babbar hanya ba, har yanzu ina ganin ya fi Serow daɗi in an isa.

Baban Hanan: In an isa. Da “dabbab guda ɗaya tak da ya fi kowanne” ka fara, yanzu ka dawo “kilomita 20, ba babbar hanya ba, in akwai takarda”. Nan da isha za ka iso wajena.

Na Shafa: Ba zai iso ba. Ka bari ya hau nawa sau ɗaya.

Kawu Mai Sifana: Ɗan Rusaifa, ranar Asabar ina da sauƙi. Ka zo sana'iyya, unguwar makanikai, da safe mu hau Ɗa'ifa tare. Ka gaya wa dattijon kada ya tayar da injin kafin mu zo, a sanyi nake son jin sa, kuma ya fito da istimarar mu gwada lambarta da wadda ke jikin wuyan firam. Ka taho da tocila da tsumma, wajen yakan cika da datti.

Ɗan Rusaifa: In sha Allahu, Kawu. In zo da kuɗin?

Kawu Mai Sifana: Ka zo da na shayi.