Shekarata 35, 'ya'yana huɗu, ina son komawa karatu: na makara ne?

Maman Huɗu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cina a rai.

An yi mini aure ina da shekara 19, ban daɗe da gama sakandare ba. Kafin a ɗaura, maigidana ya yi alkawarin zan ci gaba da karatu, kuma tsakani da Allah bai taɓa cewa ya janye ba. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Bari yara su yi wayo." To wannan na yin wayo sai wani ya zo. Yanzu babbar tana da shekara 15, autan yana da uku. Tun ina yarinya aikin ungozoma nake so. Ina ɗinki a gida, da shi na ɗauki nauyin karatun ƙanwata har ta gama, yanzu ma tana aiki, alhamdu lillahi.

Abin da ya tono maganar shi ne aikin gida da aka ba 'yata a makaranta, wai ta rubuta labarin wata mace da ta yi fice a tarihi. Muka zauna muna dubawa a waya. Ita ta gama ta kwanta, ni na kasa barci, na yi ta karatu har kusan asuba. Tun daga ranar abin ya zame mini jiki. Wannan ta gina makaranta, waccan ta yi bincike duniya ta san da ita, wata ta sha ɗauri saboda haƙƙin mata. Maimakon in ji ƙarfin gwiwa sai in ji na raina kaina. Su ma fa mata ne, wasunsu ma sun haihu. Ni me na tsinana? Rannan ina wanke-wanke sai kawai na ji hawaye.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya. Na makara? Son kai ne in riƙa barin yaro ɗan shekara uku? Kuma ta yaya zan sake tayar wa maigida da maganar ba tare da ta zama rigima ba?

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam. Makara kuma? A Kenya an yi wata tsohuwa, Priscilla Sitienei, ita ma ungozoma ce, tana da shekara 90 tana zaune a ajin firamare da kayan makaranta a jikinta, cikin yaran da wasunsu ita ta karɓi haihuwarsu. Ke da 35 ai yanzu kika fara. Allah Ya ba ki sa'a, 'yar'uwa.

Malamar Tarihi:

'Yar'uwa, na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma na san irin rubutun da kike karantawa da daddare. Sakin layi uku ne: an haife ta, ta sha wuya, ta yi nasara. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne wa ya riƙe mata goyo. Shi ya sa kike jin kin gaza, kina auna kanki ke kaɗai da matan da ba su kaɗai suka yi aikin ba.

Ɗauki Marie Curie, masaniyar kimiyya, wadda na tabbata kin ci karo da ita. An haife ta a 1867 a birnin Warsaw, lokacin da jami'ar garin ba ta karɓar mata. Ita da yayarta Bronya suka ƙulla yarjejeniya: Marie za ta je ta yi aikin koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu, tana aika wa Bronya abin da ta samu don ta karanta likitanci a Faris. In Bronya ta gama, sai ita kuma ta ɗauke ta. Haka aka yi. Marie ta shafe shekaru a gidajen mutane, sai a 1891 ta isa Faris, tana da kusan shekara 24, kuma a gidan yayar ta fara sauka. Da ta haifi 'yarta ta fari a 1897, surukinta, wato mahaifin mijinta, likita ne da matarsa ta rasu, shi ya dawo zama da su yana kula da yarinyar su kuma suna ɗakin bincike. Kowa ya san ta karɓi kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. Wa ya san sunan tsohon da ke rarrashin jaririya?

Haka Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma abin da ya fi burge ni shi ne ta gane cewa mace mai goyo da hidimar gida ba za ta iya taso wa karatu ba. Sai ta tsara 'Yan Taru: dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa su ta ba su malafa, su zo da 'yan mata su koyi waƙoƙin karatu a wurinta, su koma su koyar da waɗanda ke cikin gida. Ba ta ce wa masu goyo ragwaye ba. Ta san nauyin da ke kansu, ta nemo hanyar da karatu zai same su a inda suke.

Ita kuwa Faɗima al-Fihri da tarihi ya ce ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na ƙasar Maroko a 859, wanda ya zama babbar cibiyar ilimi, da dukiyar gadon mahaifinta ta yi.

To kin ga kowace da abin da ta jingina da shi: 'yar'uwa, suruki, ƙungiya, ko dukiya. Yanzu koma ki sake karanta rubutunki. Kin ce da keken ɗinkinki ƙanwarki ta yi karatu, kika wuce maganar kamar ba komai ba. Wannan ai rabin farko ne na yarjejeniyar Marie da Bronya, kin riga kin yi naki. Kin taɓa zama da ƙanwar taki kin ce mata yanzu lokacinki ne?

Autar Mata:

Ni abin da ke ba ni haushi, shekara 16 ana jiran alkawari ɗaya? Anti ki yi haƙuri, amma wannan "bari yara su yi wayo" hanawa ce cikin ladabi. Ki sayi fom kawai, in ya gani a ƙasa zai haƙura. A Iceland ranar 24 ga Oktoba 1975 kusan kashi 90 cikin ɗari na mata suka ajiye aiki, na ofis da na gida, maza suka kwashi yara zuwa wurin aiki. Bayan shekara biyar ƙasar ta zaɓi mace shugabar ƙasa. Ba da lallashi suka samu ba.

Inna Ungozoma (mai ritaya):

Auta, 'yar nan, sassauta. Matan can ƙasa guda ce ta tashi rana ɗaya, ita kuwa wannan ita kaɗai ce a ɗakinta da yara huɗu. In ta sayi fom a ɓoye, ranar da aka sa ta aikin dare wa zai kwana da yaran? Shi ɗin da ta tsallake.

Maman Huɗu, 'yata, bari in yi miki maganar aikin kansa, tunda shi na yi har ƙafafuna suka gaji. Shekaru ba matsala ba ne, sai ma riba. Mai naƙuda ta fi sakin jiki da wadda ta san zafin abin. Na koyar da 'yan shekara 19 na koyar da 'yan 40, kuma ban taɓa ganin babba ta gudu don ta ga jini ba. Abin da ke kayar da manya biyu ne. Na farko darussan kimiyya, don kwanya ta daɗe ba ta yi lissafi ba. Ki ciro takardar sakamakonki ki duba da kyau, in akwai darasin da ba ki ci ba ki fara gyara shi, wannan kaɗai zai iya cin shekara guda, kuma a gida za ki yi shi. Kafin nan autanki ya isa shiga makaranta. Na biyu zuwa asibiti koyon aiki, musamman na dare. Aji za ki iya lallaɓawa, amma ɗakin haihuwa ba ya jiran a gama yi wa yaro wanka. Makarantu kuma suna da ƙa'idojinsu, wasu har da iyakar shekarun shiga, don haka ki tambayi fiye da ɗaya tun yanzu.

In wani ya ce miki aikin baƙo ne ga mace, ki tuna masa da Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da aka harbe shi a yaƙin Khandaƙ.

Wadda Ta Taɓa Faɗuwa:

Bari in ba ki nawa, ko zai yi amfani. Na koma makaranta ina da 31, da 'ya'ya uku. Mijina ya ce ya yarda, amma da sharaɗin kada komai ya canja a gida. Ni kuma don murna na ce na amince. Wallahi wannan amincewar ce ta kayar da ni. In tashi ƙarfe huɗu in gama komai, in tafi aji ina gyangyaɗi, in dawo in ɗora daga inda na tsaya. Zango ɗaya na yi, na faɗi darasi uku, na kwanta ciwo, na bari. Aka yi ta cewa ai dama an faɗa.

Bayan shekara biyu na sake komawa, amma wannan karon da takarda na je masa. Na rubuta ranakun mako, na rubuta wa zai kai yara, wa zai ɗauko su, wace rana ce ba zan iya girki ba. Na bar gurabe uku babu suna, na ce ya taya ni cikewa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya sa sunansa a biyu. Na gama bara.

Don haka kada ki je masa da Marie Curie, zai ji kamar kin zo ƙorafi. Kada kuma ki yi alkawarin da jikinki ba zai iya cikawa ba. Abubuwa za su canja a gidan, gara kowa ya sani tun farko.

Hajiya Babba:

Duk na ji, amma akwai abin da ba ku faɗa mata ba, kuma ni ba na son a yi wa mutum daɗin baki. Matan nan da ake yabo sun biya farashi mai tsada. Gambo Sawaba ta sha duka, ta sha ɗauri sau da yawa saboda siyasar jam'iyyar NEPU da neman mata su yi zaɓe, kuma sai a 1979 matan Arewacin Najeriya suka jefa ƙuri'a a babban zaɓe na ƙasa. Wangari Maathai ta Kenya ta samu digirin digirgir a 1971, ta kafa ƙungiyar dashen bishiyoyi a 1977, aurenta ya mutu ba da daɗewa ba, ta sha tsarewa, kafin duniya ta zo tana tafa mata a 2004. Ba ina tsorata ki ba ne, naki bai kai nan ba. Amma ki sani akwai ranar da yaro zai yi zazzaɓi kina da jarrabawa, kuma duk wanda kika zaɓa zuciyarki za ta yi ciwo. Wasu dangi za su yi magana. Ki yanke tun yanzu maganar wa za ki saurara.

Sannan ki daina cewa me kika tsinana. Kin raini mutum huɗu, kin ilimantar da ta biyar. Don ba a rubuta shi a waya ba ba ya nufin ba a yi ba.

Autar Mata:

Inna na ji, na janye maganar fom a ɓoye. Amma don Allah a sa wa abin rana. Kada takardar ma ta koma "bari yara su yi wayo".

Malamar Tarihi:

Auta ta yi gaskiya a nan. Abu ɗaya zan ƙara, game da babbar 'yarki. Kada gurbin da ya rage babu suna ya faɗa kanta. Haka ake yi tun kaka da kakanni, uwa ta samu sauƙi, 'yar fari ta biya da karatunta. Ta taimaka daidai ƙarfinta, amma kada ta zama uwar gida tana da shekara 15.

Maman Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wasu amsoshin sau uku.

Malama, maganar ƙanwata ta tsaya mini a rai. Wallahi ban taɓa tunanin in nemi komai a wurinta ba, gani nake kamar gori ne. Jiya da daddare na daure na kira ta. Ban ma gama bayani ba ta fashe da kuka, wai ta daɗe tana son ta yi mini maganar tana jin nauyi, kada in ga kamar ta raina ni. Ta ce kuɗin jarrabawa da littattafai nata ne, kuma ranar Asabar za ta riƙa zuwa muna bitar darussa.

Inna, na ciro takardar. Kemistiri ne ban ci ba, sai lissafi da na tsallake da ƙyar. Maigida ban yi masa magana ba tukuna, ina so in gama rubuta jadawalin, ranar Juma'a in sha Allah zan kai masa. 'Yar'uwa Wadda Ta Taɓa Faɗuwa, don Allah a naki jadawalin yaya kika yi da ranakun da yaro ba shi da lafiya? Nan ne na tsaya, na rasa sunan da zan sa.