Ɗan shekara uku: aikin gida ko tuwon ƙasa?

Maman 'Yan Biyu
Assalamu alaikum iyaye. 'Yan biyuna shekararsu uku da rabi, suna nazare. Kullum sai an haɗo su da aikin gida, wai su rubuta 1 zuwa 50. Da na ɗauko littafi sai kuka, amma a sake su a tsakar gida, sai su wuni suna tuwon ƙasa da gwangwanin tumatir. Hajiyar maigidana ta ce in ƙyale su, shi kuwa ya ce ba don wasa yake biyan kuɗin makaranta ba. Waɗanda suka riga ni, yaya kuka yi da naku?

Malamar Aji Ɗaya
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aji ɗaya na firamare nake koyarwa a Zariya, wato daga nazare hannuna suke faɗowa. A zangon farko nakan zuba marafen kwalbar lemo a tebur in ce yaro ya ba ni bakwai. Za ki sha mamaki. Yaron da ke rera 1 zuwa 100 ba gargada sai ya damƙo cike da hannu ya miƙo min, don waƙa ya haddace, bai san me bakwai take nufi ba. Yarinyar da ta saba carafke kuwa nan take za ta ware min.

Ki zauna ki kalli carafke da kyau wata rana. Ta watsa duwatsu, ta cilla ɗaya sama, ta tsince na ƙasa ɗai-ɗai kafin na saman ya dawo, sannan bibbiyu, sannan uku-uku. Ido na sama, yatsu na ƙasa, kai na lissafi. In dutse ya kuɓuce, dole ta haƙura ta miƙa wa ƙawarta ta jira zagayowarta. Wannan jiran ma shi ya fi ba mu wahalar koyarwa a aji, ya fi baƙi da wasali. Tuwon ƙasan naki kuma, murzawa da dunƙulawa su ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir. Ɗan shekara uku hannunsa bai nuna ba tukuna, shi ya sa yake kuka.

Abban Yara Huɗu
Malama, da girmanki, amma ku duba zamani. 'Ya'yan maƙwabcina shekara huɗu suna haɗa baƙi da Turanci. Mu zauna namu na gara taya har a yi musu nisa?

Sista Mai Jinya
Yallaɓai, bari in kawo abin da nake gani a ɗakin yara masu tamowa. Bayan madara da magani, wasa yana cikin matakan jinyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa. Mukan zuba tsakuwa a robar ruwa mu ɗaure bakin tam, mu ba uwa ta riƙa kaɗa wa yaro tana yi masa magana. Ranar da yaron da ke kwance shiru ya miƙa hannu ya kama robar nan, mun san sauƙi ya fara samuwa.

An gwada wannan a Kingston ta ƙasar Jamaika a shekarun 1980. Yara ne tsumburarru 'yan ƙasa da shekara biyu, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da su da kayan da aka haɗa a gida. Da aka bibiye su bayan kamar shekara 20, abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na tsararrakinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25 cikin 100. Sannan shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki a rana, kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Ni wayar ta fi damuna a kan wasan ƙasa.

Hajiya Kaka (jikata ke rubuta min)
'Ya'yan nan, mu a Katsina da farin wata dandali muke fita, 'yan mata na gaɗa, maza na langa. In an dawo a kewaye tsohuwa. Ta ce "ƙulin ƙulifita", mu ce "gauta". Ta ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", kowa ya yi ta juya kai har wani ya ce tsintsiya. Da haka baki ke buɗewa. Yanzu kowa ya kulle ƙofa saboda halin da ake ciki, ban ga laifinku ba. Amma tatsuniya ai ba ta buƙatar fita waje.

Malamin Islamiyya
Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Ya tabbata Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Ya kuma taɓa tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa. Salla kanta sai a shekara bakwai aka ce a umarci yaro da ita. Ƙananan ajina ina ba su gajerun surori da safe, da na ga sun fara mutsu-mutsu sai in sake su su zagaya fili. Suna dawowa karatun ya fi zama.

Baƙo Daga Damagaram
Nawa ɗan bai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba sai da ya kai shida. Kafin nan motar kara ce sana'arsa: ya fere karan dawa, ya auna tayoyi da ido, in ɗaya ta fi girma motar ta karkace ya warware ya sake. Ba wanda ya ce masa ya sake. Yau lissafi ne abin da ya fi so.

Maman Ilham
Ni dai tsoron tsutsar ciki ya sa na hana nawa taɓa ƙasa.

Sista Mai Jinya
Tsoronki na kan hanya, Maman Ilham. Ki samo yashi mai tsabta ki zuba a tsohon baho, nesa da makwararar ruwa da inda kaji da awaki ke kashi. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a karɓi maganin tsutsa a asibiti lokacin da ya dace. Ƙananan duwatsu da marafen kwalba kuma a nisanta su daga mai rarrafe, komai baki yake kaiwa.

Malamar Aji Ɗaya
Abban Yara, taya ba za ta sa a yi musu nisa ba. Na sha ganin wanda ya zo bai san A ba ya kamo masu haɗa baƙi kafin ƙarshen shekara, muddin yana iya saurare kuma bakinsa a buɗe yake. Wanda ke ba ni aiki shi ne wanda aka riga aka sa ya tsani littafi. Maman 'Yan Biyu, ki je ki sami malamarsu cikin mutunci ki roƙi a rage aikin, sau da yawa matsin iyaye ne ke sa mu ba da shi. A gida kuma ki ce su ɗebo miki albasa uku, ko su raba ƙosai shida tsakaninsu. Ki kira babansu ya tsaya ya ga rabon.