Homosistin ɗin mamata ya ƙi sauka, ƙashi kuma sai rauni yake

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sanin harkar lafiya ku taimaka min.

Mamata shekararta 67, muna Aboabo nan Kumasi. Santsi ya ɗan kwashe ta a bakin famfo, ko faɗuwar kirki ba ta yi ba, dafa ƙasa kawai ta yi sai ga karaya a wuyan hannu. An yi hoto aka ce ƙashinta ya yi rauni, gwajin jini kuma ya nuna homosistin (wani sinadari ne da ke cikin jini) 28, alhali bai kamata ya wuce 15 ba. Likita ya ce in ya hau haka yana iya ɓata kolajin ɗin da ke riƙe ƙashi ya zama mai saurin karyewa.

An rubuta mata folik asid (wani nau'in bitamin B) da kalsiyam da bitamin D, ni da kaina nake ba ta kullum bayan asuba, mun ƙara mata wake da kontomire da ayoyo a tuwon zafi, sidi kuwa an kashe ba kaɗan ba, amma da muka sake gwaji homosistin ɗin 25 ne. Yanzu kuma tafin ƙafarta yana mata zugi da kamar ana tsira mata allura, da dare har ba ta barci, wallahi abin ya dame ni.

Tana shan metformin na ciwon suga shekaru da dama, kuma shi yana rage bitamin B12, ƙarancin B12 kuwa yana ɗaga homosistin, folik asid ma yana iya rufe alamar ƙarancin B12 ɗin a jini. Har yanzu ba wanda ya auna mata B12 ɗin.

Shin mu matsa a yi mata gwajin B12 kafin ta ci gaba da folik asid ɗin nan? Na gode.