Na ja da baya, ko ƙofa ta rufe mini ke nan?

Mai Tambaya: Salama, 'yan'uwa. Tun ina saurayi aka yi mini baftisma, har ina cikin mawaƙa. Daga baya neman kuɗi da abokan shaye-shaye suka ɗauke mini hankali, na bar zuwa sujada, Littafi Mai Tsarki ya yi ƙura a kan tebur. Yanzu zuciyata na son komawa, amma da na karanta Ibraniyawa 6:4-6, inda aka ce waɗanda suka fanɗare bayan sun ba da gaskiya ba shi yiwuwa a sake jawo su ga tuba, sai jikina ya yi sanyi. Allah zai karɓe ni kuwa? Sai an sake yi mini baftisma?

Dattijo: Ɗana, kwantar da hankalinka. Masu fassara da yawa suna ganin ayoyin nan suna magana ne kan wanda ya ƙi Almasihu da gangan, ya taurare, ko tuban ma ba ya so. Kai kuwa ga ka kana nema. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, amma a Yohanna 21 shi aka danƙa wa kiwon tumaki, wato kula da masu bi. Karanta Zabura 51 a durƙushe, ba da gaggawa ba.

'Yar'uwa: Yawancin ikilisiyoyi ba sa maimaita baftisma, duba Afisawa 4:5, inda aka ce baftisma ɗaya ce. Je ka ga fastonka, in Katolika ne kai, ka je ikirari, wato furta zunubi a gaban fada. Amma tuba ba hawaye kaɗai ba ne. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba da ya sadu da Yesu, ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace ninki huɗu. In akwai wanda ka cuta, nemi shi.

Mai Tambaya: Na gode, Baba. Akwai bashin da na danne, da shi zan fara.