Aro ko wankiya: ina iyakar take a rubutun labari?

Ummu Sadik: Assalamu alaikum. Malamai da iyayen gida, ga tambaya. Marubuciya ce ta kai babi na 12, sai wata mai karatu ta ce mata labarin ya yi kama da wani fim ɗin Indiya: 'yar talaka, ɗan mai kuɗi, uba ya ce bai yarda ba. Ta san ta taɓa kallon fim ɗin, amma ba shi ta ajiye a gaba tana kwafa ba. Yanzu jikinta ya yi sanyi. Ta yaga ta sake, ko ta ci gaba?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam. Kada ta yaga komai tukuna. 'Yar talaka da ɗan mai kuɗi ba mallakar kowa ba ne, da a ce haka ne da rabin littattafan Kasuwar Kano ba su fito ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da aro ya fara. A gasar rubutu da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya shigar da Ruwan Bagaja, kuma bai ɓoye cewa ya ɗebo daga littattafan Larabci irin su Maƙamatul Hariri ba. Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, akwai labaran Alfu Laila a ciki, akwai tatsuniyoyin Turai, shi kansa akun mai ba da labari asalinsa daga adabin Indiya da Farisa ne. Amma yaron da ya karanta shi a firamare bai taɓa jin ƙanshin baƙunta ba, don Imam ya shigo da labaran cikin fada, ya ba su sarki da waziri da dogarai, ya ɗora wa da yawansu karin magana a matsayin take. Abin dubawa shi ne aikin da ta yi wa abin da ta aro.

Edita Mai Jan Biro: Malam ya ba da tarihi, ni bari in ba ta awo. Hawa uku ne: jigo, jerin aukuwa, da lafazi. Jigo kowa ya ɗiba. Lafazi kuwa ko jimla ɗaya ba a ɗauka sai a faɗi mai ita. Rikicin yana tsakiya.

Ta samu takarda ta raba gida biyu. A dama ta rubuta kowace fitowa ta labarinta a layi ɗaya: wa ya yi me, kuma me ya jawo. A hagu ta rubuta na fim ɗin yadda take tunawa, kada ta koma kallo, don abin da ya zauna mata a kai shi ne ya zubo a rubutun. Sai ta ja layi tsakanin masu kama. Idan layukan sun warwatsu, ɗaya nan ɗaya can, tasiri ne, ta ci gaba da aikinta. Idan kuwa fitowa biyar ko shida suka jeru iri ɗaya, da dalili iri ɗaya, har asirin ya tonu a wuri ɗaya, wannan wankiya ce, wato kwafar aikin wani, ko da ba da niyya ba. Sauya Raju ya koma Rabi'u ba ya wanke ta.

Na Bayan Kyamara: Edita, ƙara mata da "me ya jawo" ɗin nan, don a nan wankiya take tona kanta. Labarin waje yana tsaye ne a kan dokoki da al'adun mutanensa, idan aka ɗauko aukuwar aka baro dalilin sai ta tsaya ba ƙafa.

Misali gado. A finafinan waje attajiri yakan kira lauya ya goge sunan ɗansa daga wasiyya, ya bar wa direba komai. A gidan Musulmi wannan ba ya tafiya: wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun amince. Alƙalin kotun shari'a zai rushe abin da ya haura sulusin a zama ɗaya, labarinki ya mutu a babi na uku. Idan kina son uba ya cuci ɗa, sai dai ya kyautar da gidajen tun yana raye, wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, da shaidu. Kin ga yanzu kin samu sabbin mutane: shaidun, dillalin da ya rubuta takarda, matar uban da ta san an yi. Labarin ya fara zama naki.

Haka ɗan riƙo, ba ya gado. Haka soyayyar ɗan wa da 'yar ƙani, a wasu wuraren ita ce abin kunyar da ake gina fim a kai, mu kuwa auren zumunci ne, iyaye ma su suke haɗawa. Abin da zai raba masoya a nan shi ne wata tsohuwa ta tuna sun sha nono ɗaya. Kotu kuma, a daina zaunar da mutum goma sha biyu suna yanke hukunci, babu wannan tsari a Najeriya. Sai batun dukiyar aure: a Indiya gidan amarya ake tatsa, a nan namiji ke biyan sadaki ya haɗa lefe, don haka uban ango da ke fasa aure a wurin biki saboda kuɗi bai cika ba, ba namu ba ne.

Hajiya Uwar Marubuta: Ɗana, wannan na ƙarshen ban bi ka duka ba. Uban amarya a ƙasar Hausa yana shan tatsa, sai dai ba a gaban maza ake yi ba. Kayan ɗaki da gara fa? Ranar jere gwaggonnin ango suna tsaye bakin ƙofa, ba mai cewa uffan, ɗaya ta danna katifa da tafin hannu, ɗaya ta buɗe kabad ta ƙirga kuloli da ido, ta rufe a hankali. Ranar kai gara a leƙa a ga buhun shinkafa nawa, jarkar mai nawa, alkaki da dubulan sun cika fanteka ko an yi wa ƙasan ciko da takarda. Ba za a fasa auren ba. Gori ne zai biyo baya, ya yi shekaru yana fitowa duk ranar suna. To marubuciyar za ta iya riƙe ciwon da ta gani a fim ɗin, wato an wulaƙanta yarinya don talaucin ubanta, amma ta mayar da shi tsakar gida, a bakin mata, bayan ɗaurin aure. Wanda ya karanta ba zai tuna Indiya ba, gidan maƙwabtansu zai tuna.

Na Bayan Kyamara: Na karɓi gyara, Hajiya.

Lauyan Unguwa: Ta fuskar doka a taƙaice. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ba ta kare tunani ko jigo, yadda aka zuba shi take karewa. Fassara da juya littafi ya zama fim ko wasan rediyo haƙƙin mai littafin ne, sai da izininsa. Rubuta "na gode wa wance" a shafin farko ladabi ne, ba izini ba ne. Kariyar littafi tana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Imam ya rasu a 1981, ke nan nasa sai bayan 2051. Masu karanta littattafan mutane a YouTube su lura: idan ƙorafi uku na haƙƙin mallaka suka hau kan tasha, ana iya rufe ta. Tatsuniya kuwa doka ta bar ƙofa a are ta a gina sabon aiki. Izini a rubuce ake karɓa, a faɗi sunan aikin, abin da za a yi da shi, tsawon lokaci da kuɗi, ko da saƙon WhatsApp ne a adana shi.

Sha'irin Zaure: Mu a waƙa an daɗe da raba wannan gardama. Kari, wato ma'aunin waƙa, na kowa ne. Malamanmu sun ɗauki Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab daga Larabawa, wasu sun ɗauki karin makaɗan baka, ba wanda ya kira su ɓarayi. Akwai ma tahamisi, inda za ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ka ɗora ɗango uku a kansa ya zama biyar, amsa-amon naka ya bi ɗangon farko na mai waƙar. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu haka take, ta Alfazazi ce da tahamisin Ibnu Muhibu, kuma kowa ya san nasa. Abin kunya shi ne ka cire sunan mai waƙa a baitin ƙarshe ka sa naka.

Anti Mai Gyaran Rubutu: Ni abin da ya fi damuna ba Indiya ba ce, wankiyar cikin gida ce. Jarumi miskili, likita ko soja, ba ya dariya. Jaruma ta murguɗa baki, ya lumshe ido, ta turo baki. Marubuciya goma, murya ɗaya, don kowa tana karanta na 'yar'uwarta da dare ta yi nata da safe. Ƙanwata, ki gaya mata ta ajiye littattafan gwanarta har ta gama zubin farko. Sannan ta buɗe rubutun a waya, ta sa "lumshe" a wurin bincike ta ga adadin da zai fito. Duk wanda ya wuce biyu a babi, ta tambayi kanta me wannan mutumin yake yi da hannunsa a lokacin, ta rubuta wannan.

Na waje kuma a jimla ake kama shi. "Ya share maƙogwaronsa" maimakon ya yi gyaran murya. "Zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya" maimakon gabanta ya faɗi. Ta karanta wa wata babba a gida da ƙarfi, duk inda aka ce "me?" ta sa alama.

Ummu Sadik: Allah ya saka da alheri. Ta yi awon Edita. Layukan a warwatse suke, sai babi na 7 zuwa na 9 da suka jeru daidai da fim ɗin, har da haɗarin mota da mantuwar da ta samu jarumin.

Edita Mai Jan Biro: To shida na farko su zauna. Ta cire 7 zuwa 9 gaba ɗaya, kada ta tsaya yi musu kwaskwarima, don haɗarin ne ke jan sauran. Ta koma ƙarshen babi na 6 ta rubuta abu uku da za su iya raba waɗannan biyun a unguwar da ta ajiye su, ta yar da na farkon da ya zo mata, yawanci shi ne na fim. Daga nan ta bi 10 zuwa 12 da jan biro, duk inda aka ambaci asibiti ko mantuwa ta goge, ta ga me ya rage kafin ta fara na 13.