Ɗana bakwaini ne, wata shida bai fara zama ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ya tashi. Cikina yana sati 32 na haihu, yaron ya yi sati uku a kwalba kafin a sallame mu. Yanzu watansa shida cif, amma ko da filo na tokare shi sai ya zame gefe. 'Yar facalata tsiransu kwana tara ne, ita har ta zauna daram. Ranar awo kuma aka ɗiga nauyinsa can ƙasan layi a kati. Yana shan nono sosai, yana riƙe wuya, yana ɓangala dariya. Surukata ta ce a fara dasa shi a cikin baho da tsummoki.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Maman yaro, ki kwantar da hankalinki. In ana duba girman bakwaini, sai an cire satuttukan da bai cika a ciki ba. Cikakken ciki sati 40 ne, naki ya fito saura sati 8, wato wata biyu. Cire biyu daga shida, ɗan wata huɗu ne a hannunki. Riƙe wuya, dariya, bin mutum da ido, kai hannu baki, su ake nema a wata huɗu, kuma yana yi. A katin ma kan wata huɗu ya kamata a ɗiga nauyinsa, ki gaya wa mai awon da bakinki, don wani lokacin mutane suna yawa ba a tambaya. Haka za ki riƙa cirewa har ya shekara biyu. Allurar rigakafi ce kaɗai ake bi da ainihin ranar haihuwa, kada ki ɗaga masa ita.

Wata uwa: 'Yar uwa, tawa ma bakwaini ce, sai wata tara ta zauna. Ki bar zancen bahon nan, ki lallaɓa Hajiya. In yana farke ki riƙa kifa shi a tabarma kina zaune kusa, bayansa zai yi ƙwari.

Wata dattijuwa: 'Yata, kada dai lissafin ya sa ki saki jiki. In kin ga jikinsa ya sandare ko ya yi laƙwas, ko ba ya razana da ƙara, ko nauyinsa ya tsaya cak, ki kai shi asibiti ba sai ranar awo ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To kunu fa, yaushe zan fara ba shi?

Ma'aikaciyar jinyar: Ki ci gaba da nono, ki bari likitansa ya duba shi tukuna.